Ƙarin Ruwa Ba Kullum Yake Ceto Ba

A ƙasar Hausa, in ciwo ya tsananta aka kai mutum asibiti, abin da dangi suka fi son gani shi ne leda rataye a ƙarfe, ruwa na ɗiga cikin jijiya. Da an ce "an sa masa ƙarin ruwa" sai hankali ya ɗan kwanta. In ba a sa ba, sai ƙorafi ya tashi cewa likita bai kula ba. Har a kemis na unguwa ana rataya wa mutum leda don kawai ya ce jikinsa ba ƙarfi. Kuma ba mu kaɗai muka yi wannan imani ba. Manyan likitocin duniya sun daɗe suna koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannuwansa suka yi sanyi, bugun jijiyarsa ya raunana, a ɗura masa ruwa da sauri kafin komai. Wani gwaji da aka yi a Gabashin Afirka ne ya girgiza wannan koyarwa, kuma babu abin da ya fi shi nuna inda ilimin kula da masu ciwo mai tsanani ya dosa a shekarun nan.

Sunan gwajin FEAST, wadda ta jagorance shi kuma Farfesa Kathryn Maitland ce, likitar yara da ta daɗe tana aiki a Kilifi ta ƙasar Kenya. An ɗauki yara 3,141 a asibitoci shida na Kenya da Yuganda da Tanzaniya, dukkansu da zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Fiye da rabinsu zazzaɓin cizon sauro ne ke damunsu. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, don kada son ran likita ya shiga: wasu aka ɗura musu ruwan gishiri da sauri, wasu ruwan albumin, wasu kuma aka bar su da ruwan da ke ɗiga a hankali kawai. Kowa ya samu maganin zazzaɓi da na ƙwayoyin cuta, da ƙarin jini ga mai bukata. Masu binciken sun shiga aikin ne da zaton za su tabbatar da amfanin ɗurin. A watan Janairun 2011 kwamitin da ke sa ido ya dakatar da gwajin. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka ɗura wa ruwa sun rasu, alhali a cikin waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3 ne. Ma'ana, a kowane yara ɗari, uku sun tafi ne saboda abin da aka yi da niyyar ceton su.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a idon likitocin da ke tsaye a bakin gado, yaran da aka ɗura wa ruwa su suka fi nuna alamun farfaɗowa a sa'ar farko. Hannu ya yi ɗumi, bugun jijiya ya dawo. Daga baya ne zuciya da magudanan jini suke durƙushewa. Babu likitan da zai iya gano wannan da idonsa, komai gogewarsa, domin shi yaro ɗaya yake gani a lokaci guda. Sai da aka haɗa dubbai aka ƙirga. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a wannan fanni maganar ta wuce karin magana, ita ce tsarin aikin baki ɗaya.

Manya ma ba su tsira ba. A 2001 wani likita a birnin Detroit na Amurka, Emanuel Rivers, ya wallafa sakamakon majinyata 263 masu gubar ƙwayoyin cuta a jini, wato ciwon da likitoci ke kira sefsis, inda ya nuna cewa gaggauta ruwa da magungunan ɗaga jini bisa wani tsari ya rage mutuwa daga kashi 46.5 zuwa 30.5. Duniya ta rungumi tsarin. Sai a 2014 da 2015 manyan gwaje-gwaje uku, a Amurka da Ostireliya da Birtaniya, suka kasa samun wannan fa'ida. A birnin Lusaka na Zambiya kuwa, da aka gwada sauƙaƙƙen tsarin a kan manya 209, yawancinsu masu ƙanjamau da ƙarancin jini, sakamakon da ya fito a 2017 ya tayar da hankali: kashi 48 na waɗanda aka bi da su da tsarin sun rasu, a kan kashi 33 na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Daga baya gwajin CLASSIC na Turai a 2022 da CLOVERS na Amurka a 2023 suka kwatanta ruwa da yawa da ruwa kaɗan a asibitocin masu hali, ba su ga wani bambanci a yawan mutuwa ba.

Me ya sa abin da bai cutar da kowa ba a Turai ya kashe a Lusaka? Amsar da ta fi kama hankali ita ce, a can in ruwa ya yi yawa ya taru a huhu, akwai na'urar numfashi a kusa, akwai ma'aikaciyar jinya da majinyacinta ɗaya ne tak, akwai allon da ke ƙara da zarar wani abu ya sauya. A Lusaka babu wanda zai tare ɓarnar. Sannan jikin da yunwa da tarin fuka da ƙarancin jini suka cinye ba daidai yake da jikin Bature mai shekara saba'in da ciwon zuciya ba. Mai lambu a fadama ya san cewa ruwan da ke raya shuka a ƙasar yashi shi ke ruɓar da ita a laka. Wannan ne darasin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci a gare mu, kuma shi ne wanda muka fi sakaci da shi: ƙa'idar da aka rubuta a Landan ko Boston ba ta zama gaskiya a Gusau ko Damagaram don kawai an buga ta a littafi.

Kada mai karatu ya tashi daga nan da tunanin cewa ƙarin ruwa guba ne. FEAST bai haɗa da yara masu amai da gudawa ba, bai haɗa da masu ƙuna ko masu tamowa ba. Mai kwalara, ruwa ne ke fita daga jikinsa, ruwa ne kuma zai cece shi, jinkirta masa kisa ne. Har ma akwai inda bincike ya juya ta ɗaya ɓangaren. Shekara da shekaru ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana hana sa wa yaro mai tamowa ruwa ta jijiya in yana gudawa, sai dai in ya kai gargara, saboda tsoron kada zuciyarsa ta gaza. A 2025 aka wallafa gwajin GASTROSAM, wanda aka yi da yara 272 a Nijar da Najeriya da Yuganda da Kenya. Ba a ga alamar gazawar zuciya ko taruwar ruwa a huhu ba ga waɗanda aka sa wa ruwan, kuma mutuwa a kwana huɗun farko ta zo kusan ɗaya, kashi 7 da kashi 8. Ashe tsoron da aka gada ba a kan hujja mai ƙarfi aka gina shi ba. Wani abin lura a wannan gwaji shi ne mutuwar ta yi ƙasa sosai da yadda aka yi hasashe a ɓangarorin biyu, kuma yaran duka suna ƙarƙashin sa ido na kusa da kusa. Zan dawo kan wannan.

A ƙasashe masu arziki ma, yawancin nasarorin da aka samu a shekaru ashirin da biyar ɗin nan ba daga sabuwar na'ura suka fito ba. A 2000 aka gano cewa rage yawan iskar da na'ura ke hura wa huhun da ya kumbura, daga mililita 12 zuwa 6 a kowane kilo na nauyin jiki, ya rage mutuwa daga kashi 40 zuwa 31. A 2009 gwajin da ya ƙunshi mutum fiye da 6,000 ya nuna cewa matsa wa sukarin jini sai ya koma daidai da na mai lafiya yana ƙara mutuwa ne. A 2013 likitocin Faransa suka nuna cewa kwantar da mai matsanancin ciwon huhu rub da ciki na tsawon awanni 16 a rana ya rage mutuwa da rabi, daga kashi 33 zuwa 16. Juya mutum ba ya bukatar kuɗin waje, yana bukatar hannuwa huɗu ko biyar da suka san abin da suke yi.

Lokacin korona kowa ya zuba ido ga sababbin magunguna masu tsada. Gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, shi ya fito a watan Yunin 2020 da maganin farko da aka tabbatar yana rage mutuwa, kuma dezametazon ne, tsohuwar ƙwaya mai araha da babu kemis ɗin da ba a samunta. Miligiram 6 a rana ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, na masu shaƙar oksijin kuma da kusan ɗaya cikin biyar. Amma ga wanda ciwonsa bai kai bukatar oksijin ba, babu amfani, har akwai alamar illa. Wannan rabin labarin ya kamata a riƙa faɗa da ƙarfi a wajenmu, inda ake sayar da ƙwayar ba tare da takardar likita ba, wasu suna sha don ciwon gaɓoɓi, wasu don neman ƙiba, har ta jawo musu ciwon sukari da hawan jini da raunin garkuwar jiki.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata 'yar na'ura mai sauƙi da ke taimaka wa yaro mai ciwon huhu numfashi. Bututu ne daga tukunyar oksijin zuwa hancin yaro, ɗaya bakin kuma a nutse cikin kwalbar ruwa, yana fitar da kumfa; nauyin ruwan ne ke riƙe 'yan jakunkunan huhu a buɗe. Wani likita ɗan Bangaladash, Mohammod Jobayer Chisti, ya haɗa tasa da kwalbar sabulun wanke gashi. A gwajinsa na birnin Dhaka da ya fito a 2015, mutuwa ta sauka zuwa kashi 4, a kan kashi 15 na yaran da aka ba oksijin zalla. Murna ta cika duniya. Sai aka kai irin wannan na'ura asibitin gundumar Salima a Malawi, inda babu likitan da ke zagaya yaran kullum, aka gwada a kan yara 644. Sakamakon 2019: kashi 17 na masu na'urar sun rasu, a kan kashi 11 na marasa ita. Aka dakatar. Bayan haka aka sake gwadawa a manyan asibitoci 12 na Habasha, wannan karon da likitoci da ma'aikatan jinya da aka horar suna sa ido, kuma a rahoton 2024 yaro ɗaya ne ya rasu cikin 620 masu na'urar, takwas cikin 620 marasa ita.

Na'ura ɗaya, ciwo ɗaya, sakamako uku. Yaron da aka sa wa bututu a hanci, majina na iya toshe shi, cikinsa na iya cika da iska, yana iya yin amai ya shaƙe. In akwai wadda za ta leƙa shi kowace sa'a ta tsotse majinar ta gyara bututun, na'urar rahama ce. In mace ɗaya ce ke riƙe da ɗaki mai gado arba'in da daddare, na'urar na iya zama ajalinsa. Duk gwamnan da ke shirin yanke kirtanin buɗe sabon ɗakin kulawa ta musamman ya kamata a karanta masa labarin Salima kafin ya sa hannu a kwangilar sayen kaya.

A farkon 2025 mujallar Lancet ta wallafa wani bincike da ya kamata ya sauya yadda muke kallon lamarin gaba ɗaya. An ƙirga manya kusan 20,000 da ke kwance a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, aka auna numfashinsu da bugun zuciya da ƙarfin jini da hayyacinsu. Mutum ɗaya cikin kowane takwas yana cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Cikin kwana bakwai, kusan kashi 21 na waɗannan sun rasu, alhali a sauran majinyata bai kai kashi 3 ba. Fiye da kashi biyu cikin ukunsu ba a ɗakin kulawa ta musamman suke ba, a ɗakunan kwanciya na kowa da kowa suke. Kuma fiye da rabi ba su samu cikakkiyar kulawar farko da halinsu ke bukata ba: oksijin ga wanda iskarsa ta yi ƙasa, ruwa ko maganin ɗaga jini ga wanda jininsa ya sauka, gyara kwanciya da buɗe hanyar numfashi ga wanda ya suma. Masana irin su Tim Baker da Carl Otto Schell sun tattara waɗannan abubuwa tun 2021 a jerin ayyuka 40 da kowane asibiti, ƙarami ko babba, ya kamata ya iya. Babu na'urar numfashi a cikin jerin.

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ya san yadda dare yake. Mai jinya ne ke lura numfashi ya sauya, shi ne ke zuwa ya ƙwanƙwasa wa nas, ita kuma tana can tana fama da wani. Ba mugunta ba ce. Ma'aikatan sun yi kaɗan, waɗanda suka ƙware kuma suna ta tafiya Saudiyya da Birtaniya. Binciken Lancet ɗin nan ya sa lamba a kan abin da talaka ya daɗe da sani.

Oksijin kansa matsala ce mai zaman kanta. Kwamitin masana da Lancet Global Health ta kafa ya bayar da rahoto a 2025 cewa a Afirka kudu da Sahara, cikin mutum goma da ke bukatar oksijin na asibiti, kusan tara ba sa samu. Kafin a ba mutum ma sai an san yana bukata, kuma abin da ke nunawa shi ne 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da ainihin awon jinin jijiya. A cikin waɗanda na'urar ta ce iskarsu na tsakanin 92 da 96, kashi 11.7 na baƙar fata a zahiri suna ƙasa da 88, a kan kashi 3.6 na farar fata. Na'urar da haske take aiki, launin fata kuma yana shafar hasken, kuma yawancin waɗanda aka gwada ta a kansu tun asali farare ne. Wannan ba dalilin jefar da ita ba ne, don har yanzu ta fi ido nesa ba kusa ba. Dalili ne na cewa hukumominmu su daina barin kowace irin araha ta shigo kasuwa, kuma ma'aikaci ya riƙa kallon ƙirjin majinyaci tare da lambar.

Har a asibitocin da ke da komai, ana komawa ga hannu da ido. Glenn Hernández na ƙasar Chile ya jagoranci gwajin ANDROMEDA, inda ake danna kan yatsan majinyaci har ya yi fari, a saki, a ƙirga daƙiƙa nawa jini zai ɗauka kafin ya dawo. In ya wuce uku, zagayawar jini ba ta gyaru ba. A zagayen farko na 2019, da majinyata 424, waɗanda aka bi da su da wannan awo sun rasu kashi 35, waɗanda aka bi da gwajin jini na ɗakin bincike kuma kashi 43, kodayake bambancin bai kai matakin da masana lissafi za su yanke hukunci ba. Zagaye na biyu da ya fito a 2025, a ƙasashe 19, ya nuna tsarin yana rage kwanakin da majinyaci ke yi a kan na'urori da magungunan riƙe rai. Awo ne da za a iya yi a Ɓagwai ko Tasawa ba tare da lantarki ba.

Na san abin da wasu likitocinmu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce wannan magana tana iya zama hanyar da gwamnati za ta fake ta ce talaka ya wadatu da kulawa mai araha, masu mulki kuma su ci gaba da hawa jirgi zuwa Alƙahira da Indiya. Mai jijjigar haihuwa da ƙodarta ta tsaya tana bukatar wankin ƙoda. Wanda tetanus ya ƙame ko ya yi hatsarin mota yana bukatar na'urar numfashi, babu wata dabara da za ta maye gurbinta. Binciken da aka yi kan masu korona mai tsanani a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya da Nijar, ya nuna kashi 48 sun rasu, sama da matsakaicin duniya na kusan kashi 32, kuma ƙarancin kayan aiki na cikin dalilan. Ban ce kada a gina manyan ɗakuna ba. Cewa nake yi ɗakin gado shida a asibitin koyarwa ba zai taɓa ɗaukar ɗaya cikin takwas na majinyatan jiha ba, kuma wanda aka bari iskarsa ta yi ƙasa tun daren jiya, ko an kai shi ɗakin da safe, sau da yawa an makara. A fara da abin da zai kai ga kowa, a ɗora na sama a kansa.

Saura batun wa zai yi binciken. Yawancin gwaje-gwajen Afirka da na ambata a gabashi da kudancin nahiyar aka yi su. Mu kuwa muna da namu ciwuttukan da nasu yanayin: sanƙarau a lokacin zafi, zazzaɓin Lassa, amosanin jini, mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, tamowar da ke cika asibitocin Katsina da Maraɗi duk damina. Na san dalilin ɗari-ɗarin mutanenmu da kalmar gwaji. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, wanda ya kai ga shari'a da sulhu da gwamnatin jiha a 2009, ya bar tabon da bai warke ba. Amma maganin wannan tabo shi ne bincike mai tsabta, da izinin iyaye cikin harshen da suke ji, da kwamiti mai zaman kansa da ke da ikon cewa a tsaya, kamar yadda aka tsayar da FEAST da na Salima. In ba a yi gwaji ba, ba wai an daina gwadawa a kan yaranmu ba ne, ana ci gaba da yi musu abin da ba a tabbatar ba ne, ba tare da kowa yana ƙirga sakamakon ba.

Kuma an taɓa yi a nan. A Kaltungo ta jihar Gombe, likitocin Najeriya, ciki har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, tare da abokan aikinsu na waje, sun kwatanta magungunan dafin kububuwa biyu a kan mutum 400, aka wallafa a 2010. Asibitin koyarwa na Ilori yana cikin cibiyoyin gwajin AQUAMAT, wanda a shekarar ya nuna allurar atesunet ta fi kwinin ceton yara masu matsanancin zazzaɓin cizon sauro, kashi 8.5 a kan 10.9, har duniya ta sauya ƙa'ida. Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna da majinyata da ƙwararrun da za su iya ɗaukar irin wannan aiki. Abin da ya kamata su fara da shi ba ya bukatar tallafin waje: kowane ɗakin kwanciya ya riƙa auna numfashi da bugun zuciya da ƙarfin jini da oksijin na kowane majinyaci a kan lokaci, a rubuta, a ware waɗanda awonsu ya nuna haɗari, sannan a ƙarshen wata shugaban asibiti ya zauna da ma'aikatansa su duba nawa ne daga cikinsu suka samu abin da suke bukata cikin sa'ar farko, nawa ne kuma suka fita da ƙafarsu.